Nazarin Ɗabi'a a Aikace: Ƙa'idojinsa a Fagen Bincike

Nazarin ɗabi'a a aikace, wanda aka fi sani da ABA, taƙaicen sunansa na Turanci, reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam da ke duba alaƙar abin da mutum ya aikata da abin da ya faru kafin aikin da kuma bayansa, domin gyara ɗabi'ar da ta shafi rayuwarsa. Tushensa gwaje-gwajen da masanin halayya B. F. Skinner ya yi kan ɓeraye da tattabaru a Amurka tun shekarun 1930. Babban abin da suka tabbatar shi ne ƙarfafawa: duk sakamakon da ya biyo bayan wani aiki har aikin ya ƙaru, to ya ƙarfafa shi, ko da ba abin jin daɗi ba ne a idon mai kallo. Faɗa ma yana iya zama lada ga yaron da ba a kula shi.

A 1968 fagen ya samu mujallarsa a Jami'ar Kansas. A fitowarta ta farko Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley suka shimfiɗa sharuɗɗa bakwai da har yau ake auna bincike da su: a zaɓi matsala mai muhimmanci ga jama'a, a auna ɗabi'ar kanta, a tabbatar da dalilin canjin, a bayyana hanyar aiki dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa, a danganta ta da ƙa'idojin da aka sani, canjin ya kai na a zo a gani, ya kuma ɗore.

Sharaɗin awo ya hana mai bincike rubuta cewa yaro "mai taurin kai" ne. Sai ya faɗi abin da ido zai gani, kamar tashi daga kujera ba izini, ya ƙirga sau nawa hakan ya faru cikin darasi ɗaya. Akan sa mutum biyu su lura a lokaci guda ba tare da sun leƙa takardar juna ba, a al'adance kuma ana son ƙirgensu ya dace da aƙalla kashi 80 cikin 100.

Sharaɗi na uku, wato tabbatar da dalilin canjin, shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi ya raba wannan fage da yawancin binciken halayya. Maimakon a tara ɗaruruwan mutane a kwatanta matsakaicin sakamakon rukuni biyu, sai a kwatanta mutum ɗaya da kansa. Murray Sidman ya kare wannan hanya tun 1960, bisa hujjar cewa matsakaicin rukuni yana iya ɓoye abin da ya faru ga kowane mutum a cikinsa. Ana fara awon farko har ɗabi'ar ta tsaya a kan yanayi ɗaya, a shigo da matakin gyara, a janye shi, a sake dawo da shi. Idan ɗabi'ar ta riƙa hawa da sauka tare da matakin, da wuya a ce haɗuwa ce kawai. R. Vance Hall da abokan aikinsa sun yi haka a 1968 da 'yan firamare shida masu wasa da karatu. Malamai suka riƙa kula yaro idan ya duƙufa kan aiki, suna kawar da kai idan ya shagala, karatu ya ƙaru. Da aka juya lamarin na ɗan lokaci, kulawar ta koma kan shagala, karatu ya faɗi. Aka mayar da tsarin, ya sake tashi.

Ba ko'ina wannan ke yiwuwa ba. Wanda ya iya ɗaure takalmi ba zai mance ba don an daina koya masa, kuma ba mai hankalin da zai bar yaro ya koma buga kansa da bango don a cika hujja. A nan akan fara awo kan mutum uku, ko ɗabi'u uku, a lokaci guda, sannan a shigo da matakin ɗaya bayan ɗaya. Idan kowanne bai canza ba sai da layi ya zo kansa, hujja ta samu.

Wannan tunani ya kai ga binciken Brian Iwata da abokansa na 1982 kan mutum tara masu larurar ƙwaƙwalwa da ke ji wa kansu rauni. An riƙa sanya kowanne cikin yanayi huɗu: inda ake yi masa magana idan ya doki kansa, inda ake ɗage masa aiki mai wuya idan ya yi hakan, inda yake shi kaɗai, da inda yake wasa. Shida daga cikinsu sun fi yin abin a yanayi guda takamaimai. Wato ɗabi'a iri ɗaya tana iya samun dalilai mabambanta, maganin da ya yi wa wani aiki kuma ya ƙara dagula na wani.

Ɗorewa ce ta fi ba masu bincike wahala. A 1977 Trevor Stokes da Baer suka soki ɗabi'ar koyarwa a ɗaki ɗaya sannan a zauna fatan abin zai bi yaro gida. A 1978 Wolf ya ƙara cewa dole a tambayi waɗanda abin ya shafa ko sun yarda da manufar da hanyar da sakamakon. Wannan sharaɗin ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a kansa wasu manya masu larurar otizim, wadda ke shafar yadda mutum ke mu'amala da sadarwa da jama'a, ke sukar fagen: suna cewa an hana su motsin da ba ya cutar da kowa, kamar kaɗa hannu, ba tare da an nemi yardarsu ba. Masu binciken rukuni kuma suna tambaya ko sakamakon mutum uku ya isa a gina hukunci a kai. Amsar masu fagen ita ce a maimaita gwajin da wasu mutane, a wasu wurare, a hannun wasu masu bincike.