Garmaho mai wanawa da hannu: yadda ake gane na asali da yadda ake gyara shi

Garmaho na'ura ce ta sauraron sauti wadda ba ruwanta da wutar lantarki ko batir, wana ta ake yi da hannu kamar agogon da, sifirin na ciki ya ɗaure, yana warwarewa yana juya faifai. Allurar ƙarfe ce ke bin layin da aka zana a jikin faifan, tana karkarwa, karkarwar ta shiga wani siririn tantani, shi kuma ya tura iska cikin ƙaho sai kaji murya ta cika ɗaki. Iyakar aikin kenan, shi yasa har yau inji mai shekara ɗari zai iya tashi in ya samu hannun da ya san shi.

Asali

Thomas Edison ne ya fara ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta maido da ita a 1877 a Amurka, ya kira ta fonogiraf. Tasa ba faifai take ci ba, wani abu ne kamar gwangwani da aka naɗe da fallen kuza, daga baya aka koma na kaki. A 1887 Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, yayi rajistar tasa mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe, ita ce garmaho. Na farkon ma da hannu ake ta juyawa har waƙa ta ƙare, sai da wani makaniki Eldridge Johnson na garin Camden a jihar New Jersey ya haɗa mata inji mai sifirin a 1896, kuma shine ya kafa kamfanin Victor a 1901. A Ingila kuwa Gramophone Company ce tun 1898, masu tambarin nan na kare yana leƙa ƙaho, wato HMV (His Master's Voice, ma'ana muryar ubangidansa). Sunan karen Nipper, mai zanen kuma Francis Barraud.

Gane wanne ne a hannunka

Kafin a taɓa sukundireba sai an san mene ne injin, domin yawancin ɓarnar da ake yi ma waɗannan kaya daga rashin sani take farawa. Abu na farko, gwangwani yake ci ko faifai? In gwangwani ne to galibi na Edison ne, irinsu Standard, Home, Gem da Triumph, kuma akwai na minti 2 akwai na minti 4 da suka fito a 1908, kowanne da irin allurarsa. Edison bai daina yin gwangwanin ba sai 1929.

In na faifai ne sai a dubi ƙaho. Wanda ƙahonsa ke waje, buɗe kamar fure, yawanci shine mafi tsufa kuma mafi tsada. A 1906 Victor ta fito da Victrola inda aka ɓoye ƙahon cikin kabad, ƙofofin gaba sune abin ƙara murya da ragewa, ka buɗe ta ƙaru ka tura ta ragu. Sai na tafi-da-gidanka mai kamar akwatin tafiya, irin Decca na 1914 da HMV 102 da ya fito a 1931.

Daga nan sai neman lamba. Injinan Victor suna da ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da samfuri da lambar ƙira, misali VV-XI, wanda aka ƙera sama da dubu 800, saboda haka tsufansa bai sa ya zama abu mai wuyar samu ba. Da wannan lambar masu tara kayan ke gano shekarar da inji ya bar masana'anta. Amma kar a tsaya kan allo kaɗai, a ɗaga katakon da injin ke maƙale a duba ƙasa. In kaga ramukan sukuru da ba komai a ciki, ko an toshe wani rami a gefen akwati an huda sabo don hannun wanawa, to an taɓa canja injin.

Nan ne maganar jabu ta shigo, kuma gaskiya abin yana da ciwo don mutane da yawa sun zuba kuɗi a kansu suna murna. An cika kasuwannin kayan tarihi da wasu garmaho masu ƙaton ƙahon tagulla mai walƙiya da tambarin HMV sabo fil, yawanci daga Indiya ake haɗo su. Injin ciki na tsohon garmahon akwati ne aka ciro aka dasa a sabon katako, shi yasa zaka ga hannun wanawar ya fito a karkace yana kallon sama, tunda haka aka yi shi a akwatinsa na asali. Dubi gwiwar da ta haɗa ƙaho da hannun allura, ta asali a lanƙwashe take sumul, ta jabu kuwa gutsattsarin bututu ne aka yanka aka like da dalma, kusurwa a tsaye. Katakon ma in ka shinshina ƙamshin sabon fenti yake. Banda asarar kuɗi, irin waɗannan suna cinye faifai saboda allurar bata zama daidai kan layi.

Gyara

Wanda ya daɗe a ajiye kar a wana shi da ƙarfi don a ji ko yana yi. Giris ɗin da aka sa ma sifirin tun a masana'anta ya bushe ya zama kamar kwalta, shine ke sa kaji inji na tafiya sai yayi gum! kamar an buga ƙofa, faifai yayi tsalle. Maganinsa a kwance injin, a wanke da kananzir, a sa sabon giris a sifirin, a ɗiga mai marar kauri irin na keken ɗinki a inda ƙarfe ke juyawa. Sai dai sifirin ba abin wasa bane. Tsiri ne na ƙarfe mai kaifi, tsawonsa ya kai mita da dama, an cusa shi cikin ɗan gwangwani, in ya kuɓuce zai iya tsaga hannu ko ya samu ido. Dole a bari inji ya warware gaba ɗaya kafin a kwance komai, a sa safar hannu mai kauri da tabarau, wanda bai taɓa yi ba kuma gara ya kai ma wanda ya iya.

Akwai kuma gwamna, wasu 'yan dunƙulen ƙarfe galibi guda uku da ke juyawa suna riƙe gudun faifai a kan zagaye 78 a minti. In murya na rawa, tana hawa tana sauka, nan ake fara dubawa.

Wurin da gyara yafi nuna kansa shine kan da ke riƙe allura. Tantanin ciki, na maika ne a tsofaffi, wani dutse mai ɓarewa falle-falle kamar gilashi, daga 1925 kuma aka koma na alminiyam, yana zaune ne tsakanin zoben roba biyu. Robar nan in ta shekara tamanin ta zama dutse, sai sauti ya riƙa ƙara yana zizara, iska na zurarewa. Canja ta kawai, ka toshe inda iska ke fita a gaɓoɓin hannun, wallahi sai ka rantse wani injin aka kawo, muryar mawaƙi ta fito da kauri kamar yana tsaye a gabanka. A kula da kawunan da aka zuba da ƙarfen tutiya mai arha, suna kumbura su tsattsage da kansu, in aka matsa musu sai su ruguje a hannu.

Jikin katako kuwa ra'ayina a bar shi da tsufansa. Masu kankare tsohon shafe su mulka sabon fenti mai sheƙi suna rage ma injin daraja ne, kuma tambarin kamfani in ya tafi ya tafi kenan. Shafen asali shalak ne, wani irin ƙaro, sifirit na narkar da shi, don haka a goge a hankali da ƙyalle mai laushi, a fara gwadawa a wani lungu da ido baya kaiwa. In anga ƙananan huji da garin katako a ƙasa to ƙwaro na ciki, a yi maganinsa kafin ya shiga sauran kaya.

Allura da faifai

Allurar ƙarfe sau ɗaya ake amfani da ita, fuska ɗaya ta faifai sai a jefar a sa sabuwa. An yi ta ne don ita ta cinye a madadin faifan, in aka maimaita ta bakinta ya riga ya zama kamar kurfi, sai ta riƙa sassaƙe layin, zaka ga baƙin gari na taruwa a bakinta. Kuma ba kowane faifai ke hawa kowane inji ba. Na Edison mai kauri da ya fito a 1912 da yawancin na Pathé na Faransa zanensu sama da ƙasa yake tafiya, na Berliner da Victor da HMV kuwa gefe da gefe, allurar ƙarfe na lalata na Edison tun a sauraron farko, shi allurar daimon yake so. Faifan roba mai dogon zango da Columbia ta fito dashi a 1948 shi kam kar ma a kusantar dashi, nauyin kan garmaho ya wuce giram 100, zai huɗe layin ne kamar garma.