Sashe na 23: tura bidiyon batsar yara laifi ne, ajiye shi ma laifi ne

Sau da yawa bidiyon cin zarafin yarinya kan shigo zauren WhatsApp, a ƙarƙashinsa an rubuta "ku yaɗa har a kama shi". Mai turawa gani yake taimako ya yi. A idon dokar Najeriya kuwa, shi ma ya faɗa cikin laifin.

Dokar Hana Laifukan Intanet ta 2015, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu gab da barinsa mulki, ta keɓe sashe na 23 domin yara. Yaro a nan shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba, ko da a unguwa ana yi masa kallon wanda ya girma. Wanda ya ɗauki hoto ko bidiyon batsa na yaro, ko ya tallata shi, ko ya tura wa wani, hukuncinsa ɗaurin shekara 10, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 20 ba, ko a haɗa masa duka biyun. Wanda ya nemo shi, ko ya bar shi cikin wayarsa ko kwamfutarsa, zai iya shan shekara 5 ko tarar miliyan 10. Nan ne mutane suka fi yin sakaci, tunda wayoyi da yawa suna sauke bidiyo da kansu ba tare da an danna komai ba. Dokar ta ce sai da ganganci, amma wanda ya kalla ya san mene ne, ya kuma bar shi, me zai ce wa alƙali?

Ba sai hoton gaske ba. Hoton da aka haɗa ya yi kama da yaro na zahiri ma yana ciki, kuma wannan tanadi ya ƙara amfani yanzu da manhajoji ke iya ƙera fuskar kowa.

Sai masu yaudarar yara a Facebook ko Instagram, su fara da kati da daɗin baki, su ƙare da "mu haɗu". Nema ko shirya haɗuwa da yaro ta intanet domin lalata na iya jawo shekara 10. Idan da barazana a ciki, ko mutumin wanda aka ba amanar yaron ne, hukuncin ya ƙara nauyi.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta toshe wata kafar: kamfani bai da ikon dogara da amincewar yaro don tattara bayanansa, sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. A aikace dai yaro kan canza shekarar haihuwa ya wuce abinsa, kuma a ganina nan ne raunin yake.

Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'o'in dokar ta 2015. In irin wannan bidiyo ya shigo maka, kada ka tura wa kowa, ko da "don shaida" ne. Rubuta lambar da ta aiko da lokacin da ya shigo, ka kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, ko ga NAPTIP, hukumar hana safarar mutane ta ƙasa.