Waiwaye: Yadda Makarantun Manhajar Ƙasashen Waje Suka Samu Gindin Zama a Japan

Makarantun da ke koyar da manhajar ƙasashen waje sun girmi dokar ilimin da Japan take aiki da ita a yau. Bayan buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga fataken Turai da Amurka a 1859, baƙin da suka zauna sun buƙaci inda 'ya'yansu za su yi karatu da harshensu. A 1872 wasu mata 'yan mishan na Katolika suka kafa Saint Maur a Yokohama, a 1902 aka buɗe wadda ake kira American School in Japan a Tokyo, sannan Canadian Academy ta biyo baya a Kobe a 1913. A lokacin makarantun baƙi ne domin 'ya'yan baƙi, gwamnati ba ta ɗauke su cikin lissafinta ba.

Tushen matsalar yana cikin Dokar Ilimin Makarantu ta 1947. Sashe na 1 ya jero makarantun da hukuma ta amince da su, waɗanda ke bin manhajar Ma'aikatar Ilimi da littattafan da ta tantance, kuma a cikinsu ne ake sauke wajibin karatun shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Yawancin makarantun manhajar waje ba sa cikin wannan jerin. Waɗanda suka samu rajista daga gwamnan lardi an jefa su rukuni ɗaya da makarantun koyon tuƙin mota da na ɗinki, wasu kuwa ko wannan rajistar ba su da ita. Saboda haka uba ɗan Japan da ya kai ɗansa irin wannan makaranta, ko da tana da ɗakin gwaje-gwaje na zamani da ƙwararrun malamai, a idon doka bai sauke nauyin da ke kansa ba, kuma yaron yana iya samun cikas idan ya nemi komawa sakandaren gwamnati. Shi kuwa ɗan baƙo, wajibin bai hau kan iyayensa ba tun farko.

Sassauci ya zo ne kaɗan-kaɗan, ta ƙofar jami'a. A 1979 aka amince da takardar shaidar IB (International Baccalaureate, manhajar karatu ta ƙasa da ƙasa) a matsayin sharaɗin neman gurbin karatu, a 2003 kuma aka ƙara da ɗaliban makarantun da ƙungiyoyin tantancewa na Turai da Amurka suka amince da su. Makarantar Katoh Gakuen da ke Numazu ta fara koyarwa da Ingilishi a 1992 ba tare da ta fita daga Sashe na 1 ba, abin da ya nuna cewa ana iya haɗa hanyoyin biyu. A 2013 gwamnati ta sa wa kanta burin makarantun IB 200 kafin ƙarshen 2018, har ta sa aka ba da damar koyar da wasu darussan da Japananci, amma sai a 2023 aka cim ma adadin. A 2022 makarantar Harrow ta Ingila ta buɗe reshe na kwana a tsaunukan Appi na lardin Iwate, makarantun Rugby da Malvern na Ingila su ma suka buɗe nasu rassan a wasu garuruwan a 2023, da kuɗin makaranta na miliyoyin yen a shekara.

Sai dai ba kowa wannan sassaucin ya riska ba, kuma nan ne abin ya fi damuna. Koriyawan da suka rage a Japan bayan 1945 sun gina makarantunsu domin 'ya'yansu su dawo da harshen da mulkin mallakar Japan ya raba su da shi; umarnin rufe su a 1948 ya jawo zanga-zanga a Osaka da Kobe. Da aka fara tallafin kuɗin babbar sakandare a 2010, makarantun da ke da alaƙa da Koriya ta Arewa ba su samu ba, a 2013 kuma aka cire su a hukumance. Haka nan 'yan Brazil masu asalin Japan, waɗanda gyaran dokar shige da fice na 1990 ya kawo su masana'antun garuruwan Hamamatsu da Oizumi, sun buɗe ƙananan makarantu na harshen Fotugal da kuɗin aljihun ma'aikata, kuma da dama sun durƙushe lokacin da rikicin tattalin arziki na 2008 ya raba iyaye da aikinsu.

A ganina, hukuma ta fi saurin buɗe ƙofa ga manhajar da ke zuwa da Ingilishi da kuɗi fiye da wadda ɗan ma'aikacin masana'anta yake buƙata. Binciken da Ma'aikatar Ilimi ta yi a 2019 ya gano yara 'yan ƙasashen waje kusan 20,000 da ake zaton ba sa zuwa kowace makaranta, ko kuma ba a iya tabbatar da inda suke karatu ba, kuma har yau dokar karatun wajibi ba ta haɗa da su ba.