Waiwaye: Yadda Mikisa Ta Ɓuya a Cikin Fiyano, Muka Wayi Gari Ba Mu San Hanyar Sauti Ba

Kusan duk lokacin da sabuwar waƙar Hausa ta fito a Facebook ko TikTok, ba a rasa mai cewa kiɗa ya danne murya, ko kuma muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Daga nan sai musu ya kaure. Wasu su ce Auto-Tune ne, wato manhajar gyara karin murya, ya yi yawa, wasu su ce yaran yanzu ba sa son zama su koya, wasu kuma su ce kayan aiki ne babu, da za a ba mutanenmu irin makirufon da ake aiki da shi a Legas ko Landan da an ji bambanci. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya girmi TikTok, ya girmi galibin masu musun. Tushensa yana wurin da ba a cika leƙawa ba, wato hanyar da sauti ke bi daga kayan kiɗa zuwa kunne, da yadda aka yi sanin wannan hanya bai shiga cikin gadon da maigida ke miƙa wa yaronsa a situdiyoyinmu ba.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. A situdiyoyin Turai da Amurka na shekarun 1950, in ana son murya ta yi amo, ɗaki guda ake warewa, a sa sifika a wannan lungu, makirufo a wancan. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da EMT 140, faifan ƙarfe a cikin akwati mai nauyin kusan kilo 270, wanda ke kwaikwayon amon ɗaki. Wannan amon ne 'yan situdiyo ke kira ribab. Na'urorin dijital sun biyo baya a shekarun 1970, su ma da tsada. Abin lura shi ne na'ura ɗaya ko biyu kacal situdiyo take iya mallaka, ga layuka 16 ko 24 a kan mikisa, wato na'urar haɗa sautuka, kowanne na buƙata. Dole ta sa aka riƙa ɗibar kaɗan daga kowane layi ana aikawa ga na'urar guda, abin da ta mayar kuma ya dawo ta wani layi na daban. Tsada ce ta koya wa injiniyoyin wancan zamani tsarin layuka, domin kowace hanya waya ce da za ka riƙe a hannu ka jona. Sai MIDI, yaren da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni da shi, ya zo a 1983, manhajar ɗaukar sauti ta Pro Tools a 1991, kamfanin Steinberg ya fito da tsarin VST a 1996, Auto-Tune a 1997, kana FruityLoops na ƙasar Beljiyam, wanda ake haɗa kiɗa da shi a kwamfuta, ya bayyana a ƙarshen shekarun 1990, aka sauya masa suna zuwa FL Studio a 2003.

Mu ba ta wannan ƙofar muka shigo ba, kuma a nan ne bakin zaren yake.

Da finafinan bidiyo na Hausa suka bunƙasa a Kano cikin shekarun 1990, kiɗan waƙoƙinsu a kan fiyano aka gina shi, musamman jerin Yamaha PSR, har ana kiran salon da kiɗan fiyano. Makaɗi ɗaya zai zauna ya jera ganga, ya ɗora bes, ya sa sarewa da goge, duka a cikin akwatin nan guda. Daga bayan fiyanon wayoyi biyu kacal ke fita, ta hagu da ta dama. Su za a kai ƙaramar mikisa, a haɗa da makirufon mawaƙi, a ɗan murɗa eko, a ɗauka. Kiɗan ya riga ya dahu kafin ya bar fiyano.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne akwai cikakkiyar mikisa a ɓoye cikin wannan fiyano. Tana da layukan MIDI 16, kuma a ƙa'idar General MIDI ta 1991 layi na 10 na ganguna ne. Kowane layi yana da nasa ƙarfin sauti da nasa matsayi tsakanin hagu da dama. Mafi muhimmanci, ribab ɗaya ne tak a cikin na'urar, kuma kowane layi aika masa yake yi gwargwadon lambar da aka sa, daga 0 zuwa 127. Saƙon MIDI mai lamba 91 ne ke riƙe da wannan awon, mai lamba 93 kuma na korus, mai sa sauti ɗaya ya yi kamar na taro. Idan makaɗi ya zaɓi murya, to an riga an daidaita mata awonta tun daga masana'anta, bes ya ɗan taɓa amo kaɗan ko ma babu, sarewa da goge su sha da yawa. Ma'ana, makaɗanmu sun shafe shekaru suna cin moriyar tsarin aike irin na manyan situdiyoyi ba tare da buƙatar sanin sunansa ba. Shi ya sa in ka saurari tsofaffin waƙoƙin kaset, duk da shuuu ɗin da ke ciki da ƙarancin ingancin ɗauka, za ka ji kayan kiɗan kamar a zaure ɗaya suke zaune. To a zaure ɗayan suke.

Wannan ba aibi ba ne ga fiyanon ko ga waɗanda suka kaɗa shi. Na'urar ta yi abin da aka ƙera ta don shi, su kuma sun fitar da salon da ya zagaya daga Kano zuwa Damagaram, har Kumasi da Khartum. Amma abin da yaro ya gada a wajen maigidansa a wancan lokaci shi ne yatsu da kunne: yadda ake jera kiɗa, yadda ake bin karin waƙa, yadda ake cike gurbi tsakanin baiti da amshi. Ba a koya masa inda sauti ke bi ba, saboda babu abin da zai tilasta a koya.

Da kwamfuta ta karɓi aikin cikin shekarun 2000, sai akwatin ya buɗe. Duk shawarar da fiyano ke yankewa a ɓoye ta dawo wuyan mai kiɗa. Kuma ta dawo ne a zamanin da tsada ta daina koyarwa, domin da fulogin na VST, wato ƙaramar manhajar da ake jonawa a cikin babbar, kana iya buɗe kwafin ribab goma sha biyu ba ka ƙara kashe ko sisi ba. Injiniyan Turai ya shigo kwamfuta da hoton wayoyi a kansa, don haka da ya ga mikisar allo ya gane ta. Namu ya shigo da ƙwarewar yatsu, ya tarar da layuka masu yawa babu kowa a kansu. A ganina wannan giɓin ne muke ji a yau, fiye da ƙarancin makirufo mai tsada.

Ga yadda giɓin ke bayyana a aikace. A FL Studio, jerin kayan kiɗa da ake buɗewa da F6 daban yake da mikisar da ake buɗewa da F9. Duk kayan kiɗan da ba a ba shi lambar layi ba, kai tsaye yake zarcewa babban layin fita, wato masta. Mai koyo zai jera kaya ashirin, duka su zube a masta, sannan ya ɗora ikwalaiza, mai rage ko ƙara kauri da kaifin sauti, da ribab a can. Sakamakon shi ne ganga da bes su ma sun sha amo, ƙasan waƙar ya zama kunu. Maganin ba shi da wuya: a zaɓi kayan, a danna Ctrl da L, ya samu layinsa, a rubuta masa suna, a ba shi launi. Rubuta suna kamar ƙaramin abu ne, amma wanda ya taɓa neman kalangu cikin layuka arba'in marasa suna, ga mawaƙi a zaune yana jira, ga man janareta na ƙonewa, ya san darajarsa.

Sai bambanci tsakanin ɗorawa da aikawa, wanda shi ne zuciyar maganar. Manomin rani ya san shi. In ka datse babbar magudana ka sa matata, duk ruwan ta ciki zai bi. Haka abin da aka ɗora a ramukan layi, wato guraben sa fulogin, yake, kuma kowane layi a FL Studio yana da ramuka 10. Nan ne wurin masu gyara ainihin sautin, wato ikwalaiza da kwamfuresa mai danne wuraren da sauti ya yi ƙarfi. In kuwa ka ɓalle 'yar hanya a gefe ka karkatar da ruwa kaɗan zuwa wani fangali, babbar magudana na nan tana tafiya. Wannan shi ne aike, kuma nan ne wurin ribab da dile, wato amsa-kuwwa. Tsofaffin sigogin manhajar suna da layukan aike 4 da aka keɓe a gefe. Yanzu kowane layi na iya zama na aike: ka zaɓi layin murya, ka danna 'yar kibiyar da ke ƙasan layin ribab, ka murɗa awon.

A kan layin ribab ɗin, a kashe busasshen sauti, wato ainihin muryar, gaba ɗaya, jiƙaƙƙen, wato amon, kaɗai ya rage. In an manta, muryar za ta isa masta ta hanya biyu, ta ƙara ƙarfi ba tare da an taɓa fedarta, wato mariƙin ƙarfin sautinta, ba. Bayan ribab a sa ikwalaiza a yanke duk abin da ke ƙasa da 250 ko 300 Hz (Hz awon kauri ko kaifin sauti ne), a rage saman da ya wuce 7,000 Hz. A ba ribab ɗin jinkirin farawa na milisakan 20 zuwa 40, don kalma ta fito fili kafin amo ya biyo ta. Wannan jinkirin yana da nauyi a wajenmu, domin mai sauraron waƙar Hausa kalma yake bi. Baƙaƙe irin su ƙ da ts gajeru ne, kuma dogon amo na iya shafe su har "ƙasa" da "kasa" su zama ɗaya. Tsawon amo na daƙiƙa 1.2 zuwa 1.8 ya ishi yawancin waƙoƙi masu sauri. Shi kuwa dile da lissafi ake sa shi: a raba 60,000 da saurin kiɗan. Kiɗa mai bugu 100 a minti yana ba da milisakan 600, rabinsa 300.

Jerin ramuka ma ba a yi masa karan-tsaye, domin sauti daga sama yake gangarowa ƙasa. Auto-Tune murya ɗaya busasshiya yake iya bi. In aka sa shi bayan ribab, zai ji wutsiyar sautin da ya wuce haɗe da sabon, ya rasa wanda zai kama, sai ka ji muryar na tsalle-tsalle. Da yawa daga abin da ake zargin Auto-Tune da shi a musun da ake yi, a gaskiya kuskuren jeri ne. Haka kwamfuresa bayan ribab, yana danne kalmar ya ɗago amon, wannan ce rijiyar da mutane ke ji. Jerin da ya fi aminci ga murya shi ne gyaran kari da farko, sai ikwalaiza mai yanke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, sai kwamfuresa a awon 3:1 ko 4:1 yana rage dB 3 zuwa 6 (dB awon ƙarfin sauti ne) a wuraren ƙarfi, sai mai rage kaifin sin da shin, sannan a aika.

Akwai wani tarkon a wajen matattara. Ana tara duk ganguna a layi ɗaya, duk muryoyin 'yan amshi a wani, don feda guda ta riƙe su. Amma in ka jona layi da matattara ba ka cire igiyarsa ta masta ba, sautin ya ninku, kuma ninki iri ɗaya yana ƙara kusan dB 6. Sai ka sauke fedar matattara har ƙasa, ganga na nan tana bugawa. In kuma akwai fulogin mai jinkiri a hanya ɗaya ba a daidaita shi ba, kwafin biyu za su yi karo, sautin ya zama fanko kamar daga cikin bututu. A danna dama a kan kibiyar, a zaɓi aikawa ga wannan layi kaɗai.

Yanayin aikinmu ya ƙara rufe giɓin maimakon cike shi. Mawaƙi kuɗin waƙa ɗaya ya biya, yana son ta a daren, gobe biki. Mai kiɗa ba shi da awa uku na gwaji. Don haka samfurin da aka riga aka jera, wanda ke yawo a WhatsApp da filashi, ya zama sabon fiyano, akwati ne rufaffe da wani ya yanke shawara a ciki. Bambancin shi ne na fiyano an auna shi da muryoyin da ke cikin na'urar, wannan kuwa an auna shi da muryar wani mutum, a wani ɗaki, da wani makirufo. Bidiyoyin koyarwa kuma galibi da Turanci suke, kuma sukan ɗauka mai kallo ya riga ya san mene ne aike.

Ita ma kwamfutar tana shan wahala. Laftof mai RAM 4 GB da aka jibga wa ribab goma sha biyu zai fara ƙaraf-ƙaraf, a ce na'ura ce ta tsufa, alhali ribab biyu a layin aike, gajere da dogo, sun wadatar. A bar bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, a 128 ko 256 lokacin ɗaukar murya don mawaƙi kada ya ji jinkiri, a ɗaga ta zuwa 1024 lokacin haɗa sauti. A masta kuma, in akwai limita, mai hana sauti wuce iyaka, a kashe ta tukuna, a daidaita fedoji har ƙololuwar sauti ta tsaya wajen dB 6 ƙasa da sifili. Limitar da ke aiki tun farko tana ɓoye cunkoso, kana ƙara ganga tana danne murya ba ka sani ba.

Kafin a miƙa waƙa, a mayar da masta sauti guda, ba hagu ba dama, a saurara. Yawancin masu sauraronmu ta sifikar waya ko ƙaramar MP suke ji, wasu a cikin adaidaita sahu, kuma duk faɗin da aka samu ta hanyar karon kwafi biyu a nan yake zubewa. Sifikar waya ba ta fitar da ƙasan bes, don haka in bes ɗin ba shi da ɗan kauri a wajajen 200 zuwa 800 Hz, ɓacewa zai yi. Daga nan a kashe layin ribab a sake kunnawa. In an kashe an ji murya ta bushe, an kunna kuma kowace kalmar baiti na fita ba tare da an kasa kunne ba, awon ya zauna.