Wasan Haɗa Hoto da Zanen Barkwanci Kan Sarakunan Ingila na Da: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne wannan wasa, kuma ina ya samo asali?

Hoto ne ake mannawa a jikin kwali mai kauri ko katako, a yayyanka shi gutsi-gutsi, sannan mai wasa ya zauna ya sake harhaɗa shi. Galibi ana danganta farkonsa da John Spilsbury, wani mai zana taswira a Landan, wanda a wajajen 1766 ya riƙa yanka taswirar Turai bisa iyakokin ƙasashe domin 'ya'yan masu hali su koyi labarin ƙasa. Wato tun asali kayan karatu ne. Sai da aka samu injin yanka kwali da araha, musamman a shekarun 1930 lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ya zama abin ɗebe kewa a gidajen talakawa.

Su wa suka zana hotunan barkwancin sarakunan da ake bugawa a kan wasan?

Wanda ya fi shahara shi ne John Leech, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1864, kuma ya yi suna a mujallar barkwanci ta Punch da aka kafa a 1841. Shi ya ƙawata littafin Gilbert à Beckett mai suna The Comic History of England, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1840, zamanin Sarauniya Victoria. A ciki akwai hoton Sarki John yana rattaba hannu kan yarjejeniyar Magna Carta, wadda ta taƙaita ikon sarki, da na Sarauniya Philippa tana roƙon mijinta, Edward na Uku, ya yi afuwa ga dattawa shida na birnin Calais da suka miƙa wuya a 1347. Dabarar Leech ita ce ya sauke sarki daga kan girmansa, ya ba shi fuska da tsayuwa irin ta attajiri ko ɗan kasuwar Landan na zamaninsa.

Me ya sa aka fi yi wa zamanin sarakunan Ingila na da dariya?

Saboda labaransa ne kowane ɗan makaranta a Ingila ya haddace, kuma ba'a ba ta armashi sai mai sauraro ya san asalin zancen. Akwai labarin Sarki Alfred, wanda ya ɓuya a fadamun Athelney a 878 yana gudun mayaƙan Denmark, wata mata ta bar masa gadin gurasa a kan wuta, ya shagala da tunani har ta ƙone, ita kuwa ta zazzage masa faɗa ba tare da ta san ko wane ne ba. Akwai Sarki Cnut da aka ce ya kafa kujera a bakin teku ya umarci igiyar ruwa ta tsaya. Akwai kuma William na Normandy, wanda aka ce ya yi tuntuɓe ya faɗi yana sauka daga jirgin ruwa lokacin da ya zo cin Ingila da yaƙi a 1066, sai ya damƙi ƙasa ya ce ai Ingila ce ya kama. Mai zane ba ya buƙatar ƙara gishiri da yawa a irin waɗannan.

Shin ana iya koyon tarihi daga gare su?

Ana iya fara sha'awarsa, amma a ganina kuskure ne a tsaya nan. Sarki John bai riƙe alƙalami a Runnymede, inda aka ƙulla yarjejeniyar Magna Carta, a watan Yunin 1215 ba. Hatimin sarauta aka buga wa takardar, kuma kafin watanni uku su cika Paparoma ya soke ta. Labarin gurasar Alfred bai bayyana a rubuce ba sai kusan shekara ɗari bayan rasuwarsa a 899. Na Cnut ma an juya shi: Henry na Huntingdon, wanda ya rubuta shi a ƙarni na 12, ya nuna sarkin yana bayyana cewa ikon sarakuna ba kome ba ne a gaban ikon Ubangiji, amma daga baya aka mayar da shi misalin girman kai. Abin da hotunan suka fi nunawa da gaskiya shi ne yadda mutanen zamanin Victoria suke kallon kakanninsu.

Me ya sa masu buga wasan suke son irin waɗannan zane-zane?

Dalili na farko na kuɗi ne, domin haƙƙin mallaka a Birtaniya yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar mai zane, don haka aikin Leech ya daɗe da zama na kowa. Na biyu kuwa, hoton da ya cika da fuskoki da tufafi da makamai ya fi daɗin haɗawa, tunda kusan kowane gutsure yana ɗauke da alamar da za ta nuna mazauninsa. Wahalar tana gefuna, inda tsohuwar takarda mai launin ƙasa-ƙasa take fili babu zane. A wasa mai gutsure 1,000, wannan filin kaɗai yakan cinye lokaci fiye da sarki da fadawansa baki ɗaya.