"Sensa Ce Kawai": Me Fitilar Taya Take Faɗa a Motar Akori-Kura?

Kalmar sensa ta shiga bakin kowa a garejin makanikai, a wajen masu faci, har da shirye-shiryen rediyo da ake kira ana tambaya kan gyaran mota. Abin da ke damuna shi ne ma'anar da aka ɗora mata. Fitila ta kunnu a dashbod, mai mota ya tambaya, sai a ce masa: "Alhaji, sensa ce kawai, ka manta da ita." Wato a bakin mutane sensa ta koma sunan duk wani gargaɗin da ba a son a bincika.

Fitilar da aka fi yi wa wannan rainin ita ce mai ruwan ɗorawa, wadda aka zana tamkar an yanka taya a tsaye da alamar motsin rai a tsakiya. Ta tsarin TPMS ce, mai lura da iskar taya. A yawancin akori-kurar da ake shigo da su daga Amurka, irin su Tacoma da Tundra da F-150 da Silverado, kowace taya tana da 'yar na'ura a ciki, galibi a gindin bawul, da batirinta a rufe, tana aika wa kwamfutar mota yawan iska ta rediyo. Ita kaɗai ce sensa. Fitilar dashbod saƙo kawai take isarwa, kuma saƙon iri biyu ne.

Idan ka tayar da mota fitilar ta kunnu ta tsaya cak, sensa lafiyarta ƙalau, aikinta take yi: akwai tayar da iskarta ta yi ƙasa. Idan kuwa ta yi ta ƙyaftawa na wajen minti ɗaya ko ɗaya da rabi kafin ta tsaya, to na'urar ce ta samu matsala. A wannan halin ne kaɗai "sensa ce" ta zama gaskiya. Mutum nawa ne suke tsayawa su kalli dashbod na minti ɗaya kafin su yanke hukunci?

Ba don ado aka saka wannan na'ura ba. A ƙarshen shekarun 1990 tayoyin Firestone da ke kan Ford Explorer suka riƙa ɓarewa a kan hanya, motoci suna kifewa. Tun kafin maganar ta fashe a Amurka an ga irin haka a Saudiyya da Venezuela, kuma a cikin Amurkar ma jihohin kudu masu zafi ne suka fi shan wahala. A watan Agusta na 2000 aka janye taya miliyan 6.5 daga kasuwa, kuma an danganta mutuwar mutum sama da 200 da lamarin. Kamfanonin biyu suka yi ta jifan juna da laifi, har da gardama kan cewa Ford ya ba da shawarar a sa wa tayoyin iska psi 26 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya) alhali Firestone na ganin 30 ya dace. A shekarar 2000 ɗin majalisar Amurka ta zartar da dokar TREAD kan ingancin tayoyi, kuma daga Satumba 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota da akori-kura a Amurka sai da TPMS. Taya mai ƙarancin iska takan riƙa lanƙwashewa tana ɗaukar zafi har ta rabu. Wanda ya loda buhunan masara a bayan Tundra ya kama hanyar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu ya fi kowa buƙatar ya san wannan tarihin.

Kuma fitilar ba ta da saurin ƙorafi. Dokar ta ce ta kunnu idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tayar da ya kamata ta ɗauki psi 32 tana iya sauka zuwa 24 kafin ka ga komai. Don haka in ta kunnu, abu na farko geji ne, da safe kafin taya ta yi zafi, a gwada da lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kuma masu faci da yawa ita suke bi. A akori-kura sau da yawa ta gaba da ta baya ba lamba ɗaya ba ce. A duba safaya ma, don a wasu motocin ita ma tana da sensa, tana can ƙarƙashin bodi an manta da ita.

Da hunturu za ka ga fitila ta kunnu da asuba ta mutu da hantsi. Sanyi ne ke rage iska, kusan psi ɗaya a duk digiri biyar ko shida. Hakan na nuna tayar dama tana bakin iyaka, sai a ƙara mata.

Idan ƙyaftawa take yi, mafi yawan lokaci batirin sensar ne ya mutu. Yakan yi shekara biyar zuwa goma, ba a kuma canja shi, sai dai a canja sensar gaba ɗaya. Motar 2010 da ta iso ta Kwatano da sensocinta na asali ta riga ta cinye wa'adinta. Na biyu shi ne ƙarfen mai faci, wanda ke karya sensa yayin ɓalle taya daga rim. Ka ce masa, "Malam, akwai sensa a gindin bawul," kafin ya sa hannu. Ruwan toshe huda da ake ɗura wa taya ma yana iya liƙe sensar.

Sabuwar sensa kuma ba a ɗaura ta kawai a tafi. Kowace tana da lambar shaida da sai an shigar wa kwamfutar mota. A Toyota sai da na'urar da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari, a Ford da Chevrolet akwai tsarin koya wa mota wace sensa ce a wace taya, wanda ake maimaitawa in an sauya wa tayoyi wuri. Sannan sensocin yawancin motocin Amurka na wancan zamani suna aika saƙo a zangon rediyo na megahaz 315, na Turai da 433. In aka sayo wadda ba ta dace ba, fitila za ta ci gaba da ƙyaftawa, daga nan sai wani rewaya ya ba da shawarar a liƙa mata salatif ko a cire ƙwanta. Mai motar ya biya kuɗin sensa huɗu, ya kuma biya kuɗin kashe gargaɗin, alhali duba lambar da ke jikin tsohuwar sensar kafin a je kasuwa ya isa ya hana duk wannan.