Mene ne "iyakar zubar da dagwalo" a magudanar gari?

Mai majema, mai gareji ko mai ƙaramar masana'anta da ya je neman takardar izini yakan ci karo da kalmar Faransanci normes de rejet. Da Hausa muna iya ce mata iyakar zubar da dagwalo. Ita ce ma'aunin da hukuma ke gindayawa cewa ruwan da ka gama aiki da shi kada abu kaza da ke cikinsa ya wuce adadi kaza kafin ya bar harabarka ya shiga magudanar jama'a. Ana rubuta adadin da miligiram a lita. Miligiram ɗaya a lita daidai yake da giram ɗaya a cikin lita 1000, wato ganga biyar masu cin lita 200.

Mutane da yawa na ganin ai magudana dama ta ƙazanta ce, to me ya rage a hana? Amsar tana can ƙarshen bututu. Tashar tace dagwalo, a garuruwan da suke da ita, ba injin da ke kashe kowace guba ba ce. Mafi yawan aikin ƙwayoyin halitta ne ke yin sa, irin dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Su ke cinye bahaya, fitsari, ruwan wanka da na wanke-wanke, abincin da aka gina tashar dominsa ke nan. Idan aka kwararo musu asid, baƙin mai ko ruwan ƙarfe mai guba sai su mutu, kuma kafin su sake yaɗuwa a kan ɗauki makonni, ruwa na fita yadda ya shigo. Su kuwa ƙarafa irin su kurom, dalma da zaiba, ba sa ruɓewa. Kwanciya suke a cikin laɓon da tashar ke tarawa, laɓon da da taki ne a kai gona, sai ya koma abin da ake neman inda za a binne.

Iyakokin iri biyu ne. Akwai abin da aka haramta ɗungurungum, akwai wanda aka yarda da shi gwargwado. A dokar Amurka, haramun ne a zuba ruwan da tururinsa ke kama wuta ƙasa da digiri 60, ko mai tsamin da pH ɗinsa ya gaza 5 (pH ma'aunin tsami ne: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka kaifi irin na soda), ko mai zafin da zai sa ruwan ya wuce digiri 40 a bakin tasha. Ba a banza aka rubuta haka ba. A watan Fabrairun 1981 sinadarin hekzan mai saurin kama wuta daga wata masana'antar tatsar man waken suya ya taru a magudanar birnin Luwibil na Amurka, tituna suka yi bindiga. Ranar 22 ga Afrilun 1992 fetur ya malala cikin magudanar Gwadalahara a Meksiko, fashewar ta kashe mutum fiye da 200.

Na gwargwado su ne lambobin da ake gani a takardar ɗakin gwaji. MES shi ne dattin da ke yawo cikin ruwa bai narke ba, kamar gashi, laka da tsaki. DBO5 shi ne yawan iskar oksijin da ƙwayoyin halitta za su sha cikin kwana 5 a zafin digiri 20 don su ruɓar da abin da ke cikin ruwan. DCO ɗan'uwansa ne, amma da sinadari ake auna shi cikin ƴan awoyi, kuma yana haɗawa har da abin da ƙwayoyin ba sa iya ci. Idan DCO ya ninka DBO5 fiye da sau uku, alama ce ruwan na da wuyar ruɓewa. Dokar Faransa ta 2 ga Fabrairun 1998 ta yarda masana'antar da ke haɗe da tasha ta saki MES 600, DBO5 800, DCO 2000, naitirojin 150, fosforas 50, duk miligiram a lita, pH tsakanin 5,5 da 8,5, zafi ƙasa da digiri 30. Ruwan gida na yau da kullum DBO5 ɗinsa kan tsaya tsakanin 200 da 400.

Nan ne mutumin Damagaram ya kamata ya lura. Waɗancan lambobi na wanda ke da tasha a gabansa ne, wadda za ta ƙarasa aikin. A Zinder mafi yawan gidaje masai da rami suke da su, kwatocin bakin titi kuma don ruwan sama aka gina su, ƙarshensu tafki ne. Wanda ya zuba a kwata, a tafki ya zuba, inda dabbobi ke sha, yara ke wasa, masu lambu da masu bulo ke ɗiba. Iyakar da ta dace da shi ita ce ta zubarwa kai tsaye cikin muhalli, kuma ta fi tsanani nesa ba kusa ba: a waccan dokar dai, babbar masana'anta ba ta wuce DBO5 30, DCO 125, MES 35. A Nijar tushen hukuncin yana cikin doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamban 1998 kan kula da muhalli, da kundin dokar ruwa na 2010. Garin da ke zaune kan dutse, wanda ake jawo masa ruwan sha daga nesa, ba shi da ruwan da zai yi wasa da shi.

Dabarar da ta fi zuwa wa mutane a rai ita ce a ƙara ruwan famfo har lambar ta sauka. Dokoki sun hana wannan, shi ya sa ake lissafa nauyin yini tare da ma'aunin lita. Wurin da ke sakin lita 10.000 a yini da DBO5 800 ya saki kilo 8. Ana ƙiyasta dagwalon mutum ɗaya da giram 60 na DBO5 a yini, ke nan wurin ya yi daidai da mutum sama da 130. Ko an ninka ruwan sau biyu, kilo 8 na nan.

Kowace sana'a da irin nata ciwon. A mahauta jini ne: lita ɗaya na ɗauke da nauyin dagwalon mutum kusan uku a yini, don haka tare shi ake yi a mazubi tun wajen yanka, a kwashe tumbi da shebur kafin a kawo ruwa, a sa raga mai ƙananan idanu a bakin kwata. A gidan abinci maiƙo ne, wanda ke tafiya a narke in da zafi, ya daskare a gaba ya kama yashi da leda. A 2017 an tono dunƙulen maiƙo mai tan 130 a magudanar Landan. Maganinsa akwatin tarkon maiƙo mai ɗakuna biyu ko uku, ruwa ya shiga ya huce, maiƙo ya taso, tsaki ya kwanta, ruwan tsakiya ya wuce ta ƙarƙashin bangon raba ɗaki. In maiƙo da tsaki sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfinsa a kwashe. Zuba tafasasshen ruwa ko soda don "wanke" shi tura matsalar gaba ne kawai. Gareji da wurin wankin mota na bukatar ramin yashi sannan mai raba mai da ruwa, baƙin mai kuma a ganga yake zama.

Jima ta fi duka bukatar bayani. Jimar gargajiya da bagaruwa ba ta da kurom, amma ruwanta na da gishiri, toka ko farar ƙasa, gashi da naman fata, duka masu nauyi. Inda aka koma sinadaran zamani, ruwan cire gashi na da sinadarin salfaid kuma pH ɗinsa ya kai 12, ruwan kurom kuwa mai tsami ne, wajen 4. Ranar da biyun suka haɗu a kwata ɗaya sai iskar H2S ta tashi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa hanci kan daina jin warinta, mutum ya ɗauka ta tafi, daga nan sai faɗuwa. Sau da yawa wanda ya sauka ceto shi ne gawa ta biyu. Don haka kowane ruwa da hanyarsa. Na kurom a tara shi a tanki daban, a zuba magnesiya, farin garin da ke rage tsami, har pH ya kai wajen 8, a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama, laɓon kuma ana iya narkar da shi da asid a mai da shi cikin aiki. Masu rini da soda su ma sai sun sauko da kaifin ruwansu a rami kafin su sake shi.

Wajen awo ma ana yin kuskure. Kwalba ɗaya da aka ɗiba da safe kafin a fara aiki ba ta nuna komai. Ana ɗiban kaɗan-kaɗan tsawon awa 24, ko aƙalla tsawon lokacin aiki, a haɗa, daga ramin ƙarshe kafin ruwan ya fita titi. Zafi da pH a wurin ake auna su nan take, domin suna canzawa a hanya. Samfurin DBO5 a cikin kula mai ƙanƙara ake sa shi, wajen digiri 4, ya isa ɗakin gwaji cikin awa 24. A zafin bazara na Damagaram, kwalbar da ta yini a bayan babur ta riga ta fara ruɓewa, lambar da za ta fito ƙasa take da ta gaskiya. Na mai kuwa a kwalbar gilashi ake ɗiba, domin mai na manne wa roba.